Tsohon Injin Aske Ciyawa: Yadda Ake Zaɓensa, a Ta da Shi, a Adana

A Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tsofaffin injinan aske ciyawa, irin wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwansa biyu. Suna da ƙungiya mai suna Old Lawnmower Club da aka kafa a 1990, suna taron shekara-shekara a gidan tarihi na Milton Keynes, a garin Southport kuma akwai gidan tarihi guda da aka keɓe wa waɗannan injina. Wanda ya tashi inda ciyawa abincin dabba ce, lauje kuma ya ishe shi, yana iya yi musu dariya. Sai dai duk makaniken da ya tsuguna gaban ɗaya daga cikin injinan ya leƙa cikinsa, dariyar takan koma tambaya, don aikin ƙarfe ne da aka yi shi da niyyar ya daɗe, aka kuma bar wa mai shi hanyar kwance kowane noti.

Asalin abin daga masaƙa ne. Edwin Budding, injiniya a yankin Stroud, ya ga na'urar da ake aske gashin saman yadin ulu da ita bayan an saƙa, mai wuƙaƙe a murɗe jikin wata ganga da ke juyawa. Ya ɗora wannan dabara kan ciyawa, ya yi mata rajista a 1830, John Ferrabee ya ƙera masa a ma'aikatarsa da ke Thrupp. A 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya karɓi lasisin ƙerawa. A 1859 Thomas Green na Leeds ya fito da Silens Messor mai aiki da sarƙa maimakon haƙoran giya masu ƙara. Ransomes ya fara sayar da mai injin fetur a 1902, Atco na Birmingham ya biyo a 1921, Suffolk Punch kuma, wanda ya shiga gidajen talakawan Ingila da yawa, ya fito a 1954. Duk waɗannan masu ganga ne. Ɗaya dangin shi ne mai wuƙa guda da ke wulwulawa a kwance ƙarƙashin murfi, irin Victa da Mervyn Victor Richardson ya fara haɗawa a Sidni ta Ostareliya a 1952, da Lawn-Boy na Amurka.

Bambancin dangin biyu shi ne tushen duk aikin da za a yi. Mai wuƙa guda sara yake yi da ƙarfin gudu. Mai ganga kuwa almakashi ne: wuƙaƙen ganga suna wucewa ta kan wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke ɗaure a ƙasa, ciyawa ta shiga tsakaninsu ta yanke. Idan wuƙaƙen nan ba su haɗu daidai ba, ko da injin na tashi bugu ɗaya, fenti na walƙiya, abin da kake da shi kayan kallo ne. Shi ya sa nake ganin tsarin da yawancin sababbin shiga ke bi a juye yake. Sukan fara da fenti, su koma kan inji, su tuna da wuƙa a ƙarshe. Ya kamata a fara da wuƙa, sannan inji, fenti kuwa sai an ga lallai ana bukatarsa.

Kafin kuɗi su fita aljihu

Tsatsar sama ba ta da ban tsoro. Abin dubawa na farko shi ne zubabben ƙarfen da aka yi gefuna da hannuwa da shi a tsofaffin samfura. Zubabben ƙarfe ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, waldarsa kuma sai gwani, da waya ta musamman da dumama ƙarfen a hankali. Ka goge datti a kusurwoyi da wajen ramukan noti, ka nemi tsaga. Daga nan ka juya ganga da sanda, ba da yatsa ba, ka bi wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: akwai wadda ta lanƙwashe don ta ci dutse, akwai wadda ta cinye har ta kusa kai wa faifan da ke riƙe da ita? Ka kama gangar ka girgiza sama da ƙasa. In tana wasa, boris ya mutu, wannan kuma mai sauƙi ne in girmansa na kowa da kowa ne.

Sai ka ƙirga abin da ya ɓace. Akwatin tara ciyawa da ake rataya a gaba shi ne ya fi ɓata, don da siririn kwano aka yi shi, ɗanyar ciyawa ta kwana a ciki shekara da shekaru ta huda shi, ko kuma an raba shi da injin tun a wani ƙaura. Injin da ya zo da akwatinsa na asali, da murfin sarƙa, da murfin tanki, da hannun tayarwa in mai hannu ne, ya fi wanda ya fi shi kyan gani amma babu su. Fulogi da sarƙa da gasket ana samu. Murfin sarƙar wani samfuri da aka daina yi shekara saba'in da suka wuce kuwa sai dai ka sayi wani injin don ka cire masa.

Shekarun injin ana gane su ta hanyoyi da dama, kuma kada a dogara da guda. Sunan kamfani da na samfuri galibi a zube suke jikin ƙarfe ko a kan ɗan allon tagulla. Kamfanonin da ke sayar wa fadar Ingila, kamar Ransomes da Atco, sukan manna tambarin sarauta tare da sunan mai mulki, don haka tambarin da ya ambaci Sarauniya Elizabeth ta Biyu ba zai riga 1952 ba. A injinan Briggs & Stratton na Amurka akwai lambobi kashi uku da aka buga jikin murfi, kuma a yawancin waɗanda za ka ci karo da su, alƙaluma biyun farko na kashi na uku shekara ce, biyu na biye wata, biyu na gaba rana. Amma ka tuna an sha sauya wa injin aske ciyawa kai: shekarar injin fetur ɗin ba lallai ta zama shekarar gangar jikin ba.

Kwancewa

Ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, ta kowane gefe, ka kuma ci gaba da ɗauka duk lokacin da wani abu ya fita. Notin kowane sashe a gwangwaninsa da rubutu. Wasu wasoshi sirara da za ka gani a kan sandar ganga ba ado ba ne, su ke daidaita tazara, in suka koma ba a gurbinsu ba ganga za ta goga gefe.

Notocin injinan Ingila na da a ma'aunin Whitworth da BSF suke. Sufanar milimita za ta shiga kamar ta yi daidai, sai ka danna ta zame ta cinye kan notin. Wanda ya taɓa aiki a kan tsohon injin niƙa na Lister ya san wannan ma'auni, kuma a wurin irinsu ne ake dacewa da sufanun. Kada ka jefar da tsohon noti ko da ya yi muni, domin zarensa ba zai hau sabon da ke kasuwa ba. Wanda ya ƙi motsi a jiƙa shi da man sassauta tsatsa a bar shi kwana biyu ko uku, a ɗan matsa shi ta wajen ɗaurewa kafin a juyo ta wajen kwancewa. In ya ƙi, a gasa shi da wuta, bayan an cire tanki an kai shi nesa. Guduma a kan zubabben ƙarfe ko alminiyam haramun ce a wannan sana'a. In dole sai an buga, a sa katako a tsakani.

Ga ƙananan sassa na ƙarfe masu lungu-lungu, akwai hanyar cire tsatsa da lantarki wadda ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. A cika robar ruwa, a zuba sodar wanki kimanin cokali babba ɗaya ga kowace lita huɗu. A rataya sashen a ciki a maƙala masa baƙar wayar cajar batir, a sa wani guntun ƙarfen banza a gefe a maƙala masa jar waya, kada su taɓa juna. Bayan kwana guda tsatsar ta zama baƙar laka da buroshi ke wankewa. A yi wannan a fili, don iskar da ke tashi tana kama wuta. Kada ƙarfen banzan ya zama irin farin nan da ba ya tsatsa, domin yana sakin guba a ruwan, kada kuma a tsoma alminiyam. Cajar zamani mai ƙwaƙwalwa takan ƙi ba da wuta in ba ta ji batir ba, tsohuwa ta fi. Da an fito da sashen a busar da shi a shafa mai nan take, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja.

Wuƙa

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Bayan an wanke ganga an sa boris mai kyau, a mayar da ita tare da wuƙar ƙasa. A kowane gefe akwai sukurun daidaitawa da ke matso da ɗaya kusa da ɗaya. Ana juya su kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, hagu sannan dama, har wuƙaƙen su riƙa shafar juna da ɗan sauti mai laushi ba tare da gangar ta cije ba. Sai a yanko takarda siririya a riƙe ta a tsaye kan wuƙar ƙasa, a juya gangar a hankali da safar hannu. Ya kamata ta yanke tsaf. A gwada a gefen hagu, a tsakiya, a gefen dama, kuma da kowace wuƙa ta gangar. In tana yanka a gefuna tana tauna a tsakiya, wuƙar ƙasa ta cinye a tsakiya ko ta lanƙwashe.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙara matsewa har sai takarda ta yanke da ƙarfin tsiya. Hakan na sa ƙarfe ya ci ƙarfe, wuƙa ta yi zafi, saman wuƙar ƙasa ya yi tudu da kwari, turawa ta yi nauyi, inji ya wahala. In shafa mai sauƙi ba ta yanka takarda ba, dakushewa ce, matsi ba ya maganinta.

Maganin dakushewa mara tsanani shi ne wasawa ta baya. A cire murfin sarƙa da sarƙar, a shafa man wasa bawul, mai yashi-yashin nan da makanikai ke amfani da shi, a bakin kowace wuƙa da buroshi mai dogon hannu. Sai a juya gangar ta baya, kishiyar yadda take juyawa in tana aiki, da sufana ko da na'urar huda a gudu mafi ƙanƙanta. Da farko za a ji ƙarar gurza, sannu a hankali ta yi laushi. A ƙara mai, a ɗan matso da wuƙa, a ci gaba, a fara da mai kaushi a gama da mai laushi. Idan bakin kowace wuƙa ya nuna siririn layi mai haske daga wannan gefe zuwa wancan ba yankewa, an isa. A wanke man nan tas da kananzir, domin ragowarsa zai ci gaba da cin wuƙa in ganga ta koma juyawa gaba, in ya shiga boris kuma ya gama da shi.

Wannan hanya ba ta gyara wuƙar da ta tsage, ko gangar da ta cinye ta zama gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Irin wannan sai injin wasa ganga na musamman, wanda masu kula da filayen golf da na kurket ke da shi. Kada a ɗauki injin gurza na hannu a bi wuƙaƙen ɗaya-ɗaya. Hannu ba zai iya ba su tsayi ɗaya ba, kuma gangar da aka ɓata haka ta ɓaci ke nan. Wuƙar ƙasa kuwa sukurori ne ke riƙe da ita, ana sauya ta in an sami sabuwa, kodayake sukurorin kan yi taurin kai har sai an huda su.

Tsawon askin daga rodin gaba ake saita shi, wanda a tsofaffin injina na katako ne. In ya ruɓe ko gara ta ci shi, mai injin sassaƙa katako zai fitar da sabo daga itace mai tauri, a jiƙa shi da man katako. Babban rodin ƙarfe na baya shi ke kwantar da ciyawa ya bar layukan nan masu haske da duhu da ake gani a filin Wimbledon. Mai ganga yana son fili mai laushi marar duwatsu da gajeriyar ciyawa mai shimfiɗuwa irin kiri-kiri. Doguwar ciyawar damina kwantar da ita kawai zai yi ya wuce, kuma ƙa'idar masu lambu ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a aski guda.

Inji

Kada a ja igiya don a ji ko zai tashi. Injin da ya yi shekaru a ajiye bangon silindarsa a bushe yake. A cire fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin, a bar shi ya kwana, a juya fulawil da hannu. In ya juya ba ka ji matsi ko kaɗan ba a inji mai bugu huɗu irin na Suffolk ko Briggs, yawanci bawul ɗin fitar hayaƙi ne ya maƙale a buɗe. A cire kan silinda, a jiƙa sandar bawul ɗin, a riƙa danna shi a hankali ana juya inji har ya saki. A zubar da tsohon baƙin mai a sa sabo mai lamba 30 kafin a yi yunƙurin tayarwa.

Mai bugu biyu, irin Villiers na Wolverhampton da ke kan tsofaffin Atco, ba shi da ma'ajin baƙin mai, a cikin fetur ake gauraya masa. Ma'aunin da aka tsara wa tsofaffin shi ne kashi ɗaya na mai ga kashi 16 na fetur. Masu sayar da man zamani za su ce kashi ɗaya ga 50 ya isa. Ga sabon inji gaskiya ne. Tsohon Villiers kuwa sandarsa a cikin bushin tagulla take juyawa, kaurin man na taimakawa wajen toshe iska, don haka a bar shi da ma'auninsa ko da zai yi hayaƙi.

Wutar waɗannan injina daga maganaɗisun da ke cikin fulawil take fitowa, babu batir. A jingina fulogi jikin inji a juya da sauri a inuwa, a nemi tartsatsi shuɗi. In babu, mafi yawan lokaci bakin kwantak ne ya yi datti. A goge shi da samfefa mai laushi ƙwarai, a bi da tsabtatacciyar takarda, a saita tazararsa: inci 0.020 a Briggs, tsakanin 0.012 da 0.015 a Villiers. Injin da ke tashi da sanyi ya mutu in ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, kwayil ne ko kwandensa ya tsufa. Wajen cire fulawil na Villiers akwai abin da ke ruɗa baƙo: notin tsakiya zai kwance, ya yi zagaye ɗaya ko biyu, sai ya sake yin tauri. Ba lalacewa ya yi ba, a ci gaba da juyawa, shi da kansa zai fizgo fulawil ɗin. Da yawansu kuma ba su da ɗan makullin da ke tsayar da fulawil a gurbi guda, saboda haka a duba alamar saiti ko a yi tasa alamar kafin a cire, in ba haka ba lokacin wuta ya rikice.

Tanki a zuba masa kananzir da 'yan notoci a girgiza har tsatsa ta daina fita, a ƙirga notocin da suka shiga da waɗanda suka fito. Kafireto a kwance shi a kan farin ƙyalle, a jiƙa, a hura ramukan da iska. Jet ɗinsa tagulla ce mai laushi, wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin har abada. Bulan tagulla da ke cikin kofin kafireto a girgiza shi kusa da kunne, in an ji ruwa a ciki ya huje. Famfon mai na wasu samfura da toshiyar ɓawon itace yake aiki, in ta bushe sai ya yi ta ɗiga, jiƙa ta a ruwan zafi kan farfaɗo da ita. Tun watan Satumba na 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma mai sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke jan danshi yana cin tsohuwar roba, shi ya sa masu tara injina a can suke sayen mai ƙarancin etanol, suna kuma zubar da tanki in za a ajiye.

A kan mai wuƙa guda, magana biyu ta wadatar. A zare wayar fulogi kafin hannu ya shiga ƙarƙashi, domin juya wuƙa juya inji ne, a kuma kishingiɗar da shi ta yadda kafireto zai kalli sama. Sannan a sani cewa dokar da ta tilasta wa injinan Amurka tsayar da wuƙa cikin daƙiƙa uku da sakin hannu ta fara aiki ne a 1982. Injin da ya girmi wannan shekara zai ci gaba da sara ko ka sake shi, murfinsa kuma in tsatsa ta huda shi dutse zai fito ta nan. Irin wannan ba a ba yaro, ba a kuma tayar da shi mutane na tsaye kusa.

Fenti, da tarawa

Fentin asali sau ɗaya ake samunsa. In rabin koren nan na kamfani yana nan, da tambarinsa ko da ya kwaile, ra'ayina a wanke da ruwan sabulu, a busar, a shafe da ƙyalle mai ɗan mai ko kakin goge mota, a tsaya nan. Masu tarawa da suka daɗe a harkar sun fi daraja irin wannan a kan wanda aka fesa wa sabon fenti mai ƙyalli fiye da ranar da ya bar ma'aikata. In tsatsa ta cinye komai, ko wani ya riga ya shafe shi da fentin ƙofa, to a sake. Launin gaskiya a neme shi a inda rana ba ta kai ba, cikin murfin sarƙa ko ƙarƙashin allon suna, a kai wa mai haɗa fenti. A auna wurin kowane tambari a hoto kafin a kankare. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, faifan kuloci da wasu gasket na da kuma suna iya ƙunsar asbestos, don haka a kankare da ruwa, a rufe hanci, kada a hura ƙurar, kada a yi aikin inda yara ke wasa.

Wanda ya shiga wannan harka don riba zai sha mamaki. Samfura irin Suffolk Colt da Qualcast Panther an ƙera su da yawan gaske, kuɗin gyaransu kan zarce abin da za a saye su. Amfaninsu shi ne koyo, don kayansu na samuwa, in ka ɓata ɗaya kuma ba ka yi wa tarihi asara ba. Da su ake farawa kafin a taɓa JP na Leicester ko wani Green mai shekara ɗari. Wuri ne ke fara ƙarewa kafin kuɗi, shi ya sa masu hankali ke zaɓar layi guda, kamfani ɗaya ko zamani ɗaya ko na turawa da hannu zalla, waɗanda ba su da fetur kuma ana iya rataye su a bango. Littafin umarni, rasit, da tallar jarida da suka zo da inji a ajiye su a leda tare da lambar injin, a kuma rubuta a ɗan littafi abin da aka sauya da ranar da aka sauya, sassan asali da aka cire a ɗaure su a jaka a rataya jikin hannun.

In za a ajiye na watanni, a rufe famfon mai a bar inji ya ci abin da ke kafireto har ya mutu da kansa, a zubar da tanki, a ɗiga mai ta ramin fulogi, a juya har a ji matsi a tsaya nan don bawuloli su kasance a rufe. A sassauta wuƙar ƙasa kaɗan, a shafe bakin wuƙaƙe da giris, a ɗora rodin a kan katako don kada ya sha danshin siminti. A lulluɓe da tsohon zane, ba leda ba, domin leda na tara gumi a ƙarƙashinta.